Kifi kaɗai, kifi da dutse, ko murjani: da wanne mai kiwon kifin ruwan daɗi zai fara?

Na daɗe ina kiwon kifin ado na ruwan daɗi kafin in zuba gishiri a tanki, kuma na shiga da zaton hannuna ya riga ya faɗa. Abin da ya fara ankarar da ni wani ɗan tef ne da na manna a jikin gilashi, daidai inda ruwa ya tsaya ranar da na cika tankin. Lokacin hunturu ne. Bayan kwana uku ruwa ya sauka ƙasa da tef ɗin da kaurin yatsa biyu, bakin gilashin da wayar famfo duk sun yi fari fat da ɓurɓushin gishiri. Da a tankina na dā ne, sai in bari sai ƙarshen mako in cika. A nan kuwa ruwa ne kaɗai ya bi iska, gishirin yana nan daram, don haka abin da ya rage ya fi na jiya zartsi.

Me ya sa wannan ɗan bambanci yake da nauyi haka? Kifin kogi da na tafki ya saba da sauyi. Damina ta zo ruwa ya yi jajir, rani ya zo ya ja baya ya yi ɗumi, tarwaɗa da karfasa suna nan abinsu. Kifin da ke zaune a tsakanin murjani, wato halittun teku masu gina tsaunuka a ƙarƙashin ruwa, bai san wannan rayuwa ba, domin zafin ruwansa da gishirinsa kusan ɗaya ne shekara da shekaru. Ga shi kuma jikinsa kullum cikin aiki yake: ruwan teku ya fi jininsa gishiri, yana zuƙe masa ruwan jiki, dole ya yi ta shan ruwan yana fitar da rarar gishirin. Duk lokacin da awon gishiri ya yi tsalle, wannan aikin ne kake dagula masa.

Wanda zai shigo daga ruwan daɗi yana da hanya uku a gabansa. Ko ya ajiye kifi kaɗai da matata irin wadda ya saba, ko ya haɗa kifi da dutsen teku, ko ya tafi kai tsaye ga tankin murjani. Kafin a rarrabe su, akwai kuɗin shiga da kowa zai biya ko wacce ya ɗauka.

Na farko gishiri. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 a kowace lita, wanda a ma'aunin masu kiwo yake nuna 1.025 zuwa 1.026. Gishirin miya ba ya yi, haka kantun Bilma ko manda. Kama da wane ba ta wane. Gishirin da muke ci shi ne kusan kashi 85 cikin ɗari na abin da ke narke a teku, ragowar kuwa maganiziyam ne da kalsiyam da fotashiyam da sauransu, kuma wannan ragowar ce ke riƙe pH, wato awon tsamin ruwa, a wajen 8.1 zuwa 8.4. Sai dai gishirin da aka haɗa musamman, irin su Instant Ocean ko Red Sea ko Tropic Marin, dukkansu daga waje ake kawo su, farashinsu yana bin dala. Yi lissafin da kanka: tanki mai lita 200 zai ci kusan kilo 7 a cikon farko, in kuma kana canza kashi goma cikin ɗari duk mako, lita 20 ke nan, giram 700, kusan kilo 3 a wata. Wannan cefane ne da ba ya yankewa. A wani bokiti daban ake dama shi, a zuba gishiri cikin ruwa ba ruwa a kan gishiri ba, a bar ƙaramin famfo yana juya shi har ya kwana. Don awo, sayi rifaraktomita, wato ɗan madubin da ake ɗiga wa ruwa a leƙa ta fuskar haske. Wani ma'aunin na roba mai allura yana da araha, amma ƙwayar kumfa ɗaya in ta maƙale a allurar sai ya yi maka ƙarya.

Na biyu ruwan kansa. Ruwan rijiyar burtsatse da kifinka na dā suke jin daɗinsa yakan zo da nitiret da ƙarfe da silika, abincin gansakuka ke nan. Tunda kullum kana cike gurbin wanda ya ƙafe, waɗannan abubuwa taruwa suke yi. Mafita ita ce injin tace ruwa na RO, wanda yake zubar da lita uku ko huɗu kafin ya ba ka lita ɗaya mai tsabta. Wasu gidajen ruwan leda suna da irinsa, ana iya saye a jarka, amma ka riƙe ɗan alƙalamin awon TDS, mai nuna yawan abin da ya narke a ruwa, a aljihu ka gwada kafin ka biya. Lambar da kake so ita ce wadda ta kusanci sifili. Da wannan ruwan, ba tare da gishiri ba, ake cike abin da iska ta shanye kullum.

Na uku jira. Wannan ka san shi: kashin kifi ya zama amoniya, bakteriya su mai da ita nitirit, wasu su mai da shi nitiret. Mako huɗu zuwa shida. Abu biyu ne sabo. Soson tsohuwar matatarka ba zai gajarta maka hanya ba, domin bakteriyar ruwan daɗi ba sa jure gishirin teku. Sannan amoniya ta fi dafi a ruwa mai pH 8 da ɗoriya fiye da a mai 7, don haka ɗan abin da gofi, ƙaramin kifin nan na ruwan daɗi, zai shanye ya wuce, a nan kisa yake. Jefa guntun jatan lande ɗanye ya ruɓe a ciki, ka yi ta awo har amoniya da nitirit su koma sifili. Kada ka sa kifi mai rai ya yi maka wannan aikin.

Girman tanki ma yana cikin abin da za ka yanke tun farko, kuma a nan ne mutane da yawa suke juya lissafi. Suna ganin ƙarami ya fi sauƙi ga mai koyo. Tanki mai lita 40 in ya rasa lita 2, gishirinsa ya tashi daga 35 zuwa kusan 37. Mai lita 200 in ya rasa lita 4, bai kai 36 ba. Haka zafi, haka ƙazanta: ƙaramin ruwa nan da nan yake juyawa. Ni dai tsakanin lita 150 da 250 nake ba da shawara. Ka duba teburin kuma, mai lita 200 da dutsensa da yashinsa yana kusantar kilo 300.

To, hanya ta farko, kifi kaɗai. Ita ce ta fi kama da gida. Tsohon tankinka zai yi, matatarka za ta yi, fitilarka za ta yi, kayan ado na roba sun wadatar. Ana iya sassauta gishiri zuwa 1.021 ko 1.023. Babban alherinta shi ne in cuta ta shigo za ka iya zuba magani kai tsaye, kuma za ka iya ajiye kifayen da ke cin murjani da jatan lande, irin su talibamban teku da manyan kifaye masu faɗi. Sai dai waɗannan manyan suna son lita 400 zuwa sama, ba na mai farawa ba ne. Aibinta kuwa, soson matata yana tara datti yana ta dafa maka nitiret, in ba ka wanke shi duk bayan 'yan kwanaki ba. Kifin da ya taso a cikin kogunan dutse kuma, in ya rasa wurin ɓuya, sai ya takura ya ƙi cin abinci. A ganina wannan tsari ya fi dacewa da ƙaramin tankin killace sabon kifi, ba tankin falo ba.

Hanya ta biyu ita nake so in daɗe a kanta. Dutsen da ake nufi ba kowane dutse ba ne. Tsohon ƙashin murjani ne, mara nauyi, mai huji-huji kamar soso. A bayansa bakteriyar da ke cin amoniya suke zama, a can cikinsa inda iska ba ta kai sosai wasu ne suke mai da nitiret iskar da ke ficewa daga ruwa. Ma'ana dutsen shi ne matatar. Ana sa kimanin kilo ɗaya ga kowace lita 8 zuwa 10, a jera shi da koguna da ramuka, a bar fili ruwa ya ratsa ta bayansa. Kada ka ɗebo na gefen hanya: dutsen fā ba shi da huji, marmara kuwa cike take da ƙarfe.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai rai, wanda aka ciro daga ruwa da 'yan halittunsa, akwai kuma busasshe. Mai rai ya fi saurin zaunar da tanki, amma in ya yi kwanaki a hanya rabin abin da ke jikinsa ya mutu, sai ka buɗe kwali wari ya buge ka. Yakan kuma zo da baƙin da ba a gayyata ba, kamar Aiptasia, wata ƙaramar animoni, wato dabbar teku mai kama da fure mai harbi, da ke yaɗuwa kamar ƙaiƙayi. Busasshe ya fi araha, ba ya lalacewa a mota, ana zuba masa bakteriyar kwalba, sai dai ya fi jan lokaci. Ga wanda ke Kano ko Zinder, nesa da teku da ɗaruruwan kilomita, busasshen ne mai hankali.

Dutse ba ya aiki sai ruwa na gudu a kansa. Ana so famfunan cikin tanki su juya ruwan sau 10 zuwa 20 a awa, wato lita 2000 zuwa 4000 a awa ga mai lita 200. Mai zuwa daga ruwan daɗi zai ga kamar guguwa ce, kifin teku kuwa nan ne gidansu. Sai sikima, na'urar da ba ka taɓa buƙata ba, domin a ruwan daɗi kumfa ba ta tsayuwa. Tana kaɗa ƙananan ƙwayoyin iska a cikin bututu, datti ya manne musu, kumfar ta hau ta zube a wani kofi. Ranar da na fara zubar da kofin, ruwa ne baƙi-baƙi kamar shayin da ya kwana, da wari irin na kwata, alhali tankin da ya fito daga ciki garau yake a ido. Wannan haɗi na dutse da sikima masu kiwo a birnin Balin na Jamus ne suka yaɗa shi tun shekarun 1970, har yau kuma shi ne ƙashin bayan yawancin tankuna.

Ka shirya wa watannin muni. Wajen mako na uku zuwa na shida yashi da gilashi za su yi ruwan ƙasa kamar an barbaɗa ƙura, daga baya koren gashi ya fito a kan dutse, wani lokaci har da jan yauƙi. Ruwa ba ya tsami banza, amma wannan tsamin na girma ne, ba na lalacewa ba. Rage hasken fitila, rage abinci, sa 'yan katantanwar teku su yi ta lasa, ci gaba da canjin ruwa. Bayan wata huɗu ko biyar, wani dare ka kashe fitilar ɗaki ka haska gilashi da tocilan. Za ka ga ƙananan halittu farare kamar ƙwayar gero da aka farfasa suna tsalle, a kan dutse kuma ɗigo-ɗigon shunayya masu tauri sun fara fitowa. Ranar da na ga nawa na fi rabin awa a durƙushe.

Hanya ta uku ita ce wadda hotunanta suka ja mu duka. Murjanin tanki ba shi ne jan nan da ake yi wa amare sarƙa da shi ba. Wancan wani jinsi ne daga zurfin Bahar Rum. Na tanki dabbobi ne, ko da yake suna kama da furanni, kuma a cikin naman jikinsu wata ƙaramar gansakuka take zaune tana sarrafa haske ta ciyar da su. Shi ya sa fitila ta zama abinci, mai ƙarfi, mai rinjayen shuɗi, awa 8 zuwa 10 kullum. Masu ƙashi a cikinsu suna zuƙar sinadarai daga ruwa don gini, sai ka riƙa awo duk mako kana mayarwa: kalsiyam tsakanin 400 da 450, maganiziyam wajen 1300, alkali kuwa, wato ƙarfin ruwa na hana tsami, 7 zuwa 9 a ma'aunin dKH. Masu laushi, irin na lema da na fata, suna yafe kuskure. Masu reshe irin Acropora ba sa yafewa, dare ɗaya reshe zai iya zama fari ƙal. Akwai kuma na zowantid masu kyan launi da wasunsu ke ɗauke da dafi mai haɗari ga mutum, ba a taɓa su sai da safar hannu, ba a kuma tafasa dutsen da suke kai ko kusa.

Samun su ma aiki ne. Gaɓar tekunmu ta Afirka ta Yamma kusan ba ta da tsaunukan murjani, saboda laka da ruwan daɗin da manyan koguna irin Neja ke kwararawa. Kusan komai daga ƙasashe masu nisa irin su Indunusiya yake tasowa a jirgi, masu ƙashin kuma suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare halittun da ake fargabar ƙarewarsu, sai da takardar izini suke ƙetare iyaka. 'Yan'uwanmu na Fot Sudan da Jidda su ne ke da Bahar Maliya a ƙofar gida.

Amma abin da zai raba maka gardama tsakanin hanya ta biyu da ta uku ba kuɗin fitila ba ne, zafi ne da wuta. Tankin teku yana son digiri 24 zuwa 27. In ruwa ya zauna a 30 na kwanaki, murjani yana korar gansakukar jikinsa, ya yi fari, ya mutu da yunwa. A watan Afrilu da zafin waje ke haura 40, ɗakin da ba na'urar sanyaya ɗaki ruwansa zai wuce wannan iyaka cikin sauƙi. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana sauke digiri biyu ko uku, amma tana ninka ƙafewa. Injin sanyaya ruwa yana aiki, yana kuma shan wuta. Kifi sun fi murjani juriya kaɗan, muddin iska ta wadata.

Iskar ce matsalar. Ruwan gishiri yana riƙe iskar shaƙa ƙasa da ruwan daɗi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, in ya yi ɗumi kuma ta ƙara raguwa, ga dutse cike da bakteriya su ma suna shaƙa. Wani dare a bazara aka ɗauke wuta, batirin inbata ya mutu wajen ƙarfe ɗaya ina barci. Da na tashi sallar asuba na tarar da kifi biyu a kwance a kan yashi, na ukun yana sama yana haki. Tankin ruwan daɗi da ke gefe, ko a jikinsu. Tun ranar na ware wa famfo ɗaya batirinsa na sola, na kuma ajiye ɗan injin iska mai batir wanda ke tashi da kansa in wuta ta tafi. Famfon bai fi wat 10 zuwa 20 yake ci ba. Wannan shi ne sayayya ta farko, kafin gilashi ma.

In ka duba gidanka ka ga ba za ka iya tabbatar da wannan ba, akwai hanya ta huɗu, kuma ba faɗuwa ba ce. Kifayen tafkin Malawi, irin rawayan nan Labidochromis da shuɗɗan 'yan'uwansa, launinsu yana gogayya da na teku. Ruwa mai tauri suke so, pH 7.8 zuwa sama, abin da burtsatse da yawa ke bayarwa kyauta. Suna son tarin duwatsu, uwa tana renon ƙwai a baki kamar karfasa, ba gishiri, ba RO, ba sikima.

Wanda kuwa ya wuce jarrabawar zafi da wuta, ya rage buri wajen yawan kifi. Tankin da ya ɗauki gofi talatin, a gishiri ƙananan kifi huɗu ko biyar ne, ana sa su ɗaya bayan ɗaya da tazarar mako biyu ko uku. Fara da kilawun, mai launin lemo da farin zane uku, wato Amphiprion ocellaris. Sayi ƙanana biyu. Duka a maza suke tasowa, wanda ya fi ƙarfi ya rikiɗe ya zama mace. Ba sa buƙatar animoni, kuma animoni ba ta zama a tankin da bai kai wata shida zuwa shekara ba. Nemi waɗanda aka ƙyanƙyashe a gona, sun saba da abincin gwangwani, kuma ka tsira daga na daji da a wasu wurare ake sumar da su da gubar sayanayid kafin a kama, su iso da kyau su mutu bayan makonni. Kifin Banggai ma ana ƙyanƙyasarsa, a wurinsa namiji ne ke riƙe ƙwai a baki. Ka kauce wa shuɗin tang, yana kai santimita 30 kuma shi ne farkon kamuwa da cuta. Ka kauce wa mandarin, wanda ƙananan halittun dutse kawai yake ci, a sabon tanki yunwa ke kashe shi. Damsel yana da araha da tauri, amma in ya riga kowa shiga, ya zama sarkin da ba ya karɓar baƙo.

Ga kuma inda dutse yake da nasa sharaɗi. Ciwon farin ɗigo na kifin teku, Cryptocaryon, ba irin na ruwan daɗi ba ne da ƙarin ɗumi da ɗan gishiri ke kora. Maganinsa da aka fi sani jan ƙarfe ne, shi kuma yana kashe katantanwa da jatan lande da murjani, dutse yana shanye shi ya riƙa sakinsa daga baya. In cutar ta shiga babban tanki, sai an kwashe kifi duka an bar shi fayau kusan mako goma sha ɗaya. Don haka kowane sabon kifi ya yi mako huɗu a ƙaramin tanki mai lita 40 ko 60, ba yashi, ba dutse, sai guntayen bututun roba na ɓuya. Nan ne tsohon ƙaramin tankinka zai yi amfani. Babban kuwa, in ka taɓa zuba masa maganin jan ƙarfe, bar shi ga ruwan daɗi. Tsakuwar dā da itacen ado da tsirrai duk su zauna can. Hita ka riƙe ta saboda daren hunturu. Soket kuma a ɗaga shi sama da nesa, feshin gishiri yana cin ƙarfe kuma yana ɗaukar wuta.

Da ƙanena ne ya tambaye ni, hanya ta biyu zan ɗora shi a kai: lita 200, busasshen dutse kilo 20, yashin aragonayit, wato mai sinadari irin na ƙashin murjani, famfo biyu ɗaya a kan batir, sikima, ruwan RO, gishiri a 1.025 tun ranar farko ko da kifi kaɗai ne a ciki, jan ƙarfe kuma kada ya kusanci tankin. Da haka ƙofar murjani tana buɗe, fitila kawai zai canza. Ya bari tankin ya ga bazara guda, yana rubuta zafin ruwa kullum da la'asar a littafi. In Afrilu da Mayu suka wuce lambar ba ta haura 28 ba, ya sayo murjanin lema guda ɗaya, ya ajiye shi a ƙasan dutse inda haske bai yi tsanani ba, ya ba shi wata biyu ya ga ko zai haihu.